Jif ko A-kori-kura: Wacce Ta Dace da Hanyoyin Zazzau da Aljihun Mai Saye?

A shekarun baya, babban manomi ko ɗan kasuwa mai hali a Zariya bai cika shiga wannan ruɗani ba. Yana da motar iyali a gida, yana da tsohuwar a-kori-kura mai zuwa gona. Lissafin ya canza daga 2023. Ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira daraja. Riƙe mota biyu ya koma sai wane da wane.

Yanzu mutum mota ɗaya yake nema, wadda za ta kai yara makaranta a Samaru ranar Litinin, ranar Asabar kuma ta shiga gona a bayan Giwa ko Soba ana tsakiyar ruwan Agusta. A nan gardama take. Masu Hilux na cewa tasu ba ta mutuwa kuma ita ke ciyar da kanta. Masu Prado na cewa duk inda Hilux ta shiga su ma suna shiga, ba tare da sun dawo gida da ciwon baya ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, sai dai gaskiyar tana da sharaɗi.

Wace jif ake nufi?

A bakin mutane duk mota mai tudu jif ce, amma iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su ya jawo wa mutane da yawa asara. Akwai wadda aka ƙera bodinta da ƙasanta a haɗe, kamar ƙaramar mota. Highlander da RAV4 da Lexus RX duk nan suke. Highlander ma a kan tsarin Camry aka fara gina ta. Suna da laushi, ba su cika shan mai ba, suna iya burji mai kyau, amma ba a yi su don kwazazzabo da taɓo ba.

Iri na biyu ita ce mai shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa kamar tsani, aka ɗora inji da giya a kai, sannan aka ɗaure bodi daga sama. Land Cruiser, Prado, 4Runner, Fortuner, Nissan Patrol, Lexus GX da LX duk haka suke. Idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta hau tudu, shasin ne ke shanye murɗewar. Wannan ita ce jif ɗin daji, ita ce kuma ake kwatantawa da a-kori-kura a nan.

A-kori-kura kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika kasuwannin ƙauye da 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, wasunsu har yau suna jigilar hatsi ranar kasuwa. Na zamani su ne Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, da Mitsubishi L200, Ford Ranger, Nissan Navara, Isuzu D-Max, sai Tacoma da Tundra da ake shigowa da su daga Amurka. Akwai mai ƙofa biyu da dogon baya, akwai mai ƙofa huɗu da ke ɗaukar mutum biyar. Mai ƙofa huɗun ce ke gogayya da jif.

Uwa ɗaya uba ɗaya

Abin da masu gardama suka cika mantawa shi ne da yawan motocin nan 'yan gida ɗaya ne. Fortuner a kan shasin Hilux aka gina ta. Pajero Sport daga L200 ta fito, Ford Everest daga Ranger, Isuzu MU-X daga D-Max. 4Runner ta farko a 1984 ma Hilux ce aka rufe wa baya aka sa kujeru. Inji mai lita 2.7 na fetur da ke cikin Hilux shi ne a cikin Fortuner da wasu Prado, haka na dizal mai lita 2.8. Saboda haka idan aka ce a-kori-kura ta fi jif ƙarfin inji, sau da yawa inji ɗaya ake magana a kai.

Ainihin bambancin yana ƙarƙashin mota, a ƙafar baya. Yawancin a-kori-kura suna tsaye ne a kan sifirin mai falle-falle, dogayen ƙarafa da aka jera wani kan wani aka ɗaure. Jif kuwa galibi sifirinta murɗaɗɗe ne. Na falle an yi shi don nauyi: sai an danne shi yake yin laushi. Murɗaɗɗen yana lanƙwasa da ɗan nauyi kaɗan, shi ya sa yake shanye gargada, shi ya sa kuma yake saurin durƙushewa idan aka jibga masa kaya. Kusan duk abin da za a faɗa kan jin daɗi da ɗaukar kaya daga wannan ƙarfen ya samo asali.

Hilux mai ƙofa huɗu an yi ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, kuma a cikin tan ɗin har da direba da fasinjoji. Buhun masara mai kilo 100 ke nan guda bakwai zuwa takwas idan akwai mutum biyu ko uku a ciki. Prado ba ta wuce rabin tan da ɗoriya, mutum bakwai manya kaɗai sun kusa cinye shi. Wanda ya saba ganin hanyar Giwa lokacin kaka ya san ba a bin wannan ƙa'ida. Za ka ga an ɗora buhu goma sha biyar, sifirin ya miƙe sambal har ya fara lanƙwasa ta baya, hancin motar ya ɗaga sama, fitilu na haska rassan bishiya. A wannan hali tayoyin gaba ba sa kama ƙasa sosai, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, birki kuma yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsayar da ita. Motar tana jurewa, wannan ne ya ba ta suna, amma falle na karyewa ɗaya bayan ɗaya, shasi kuma yakan tsage a tsakanin kai da bodin baya.

Ƙarko: me ke kashe mota a nan?

Idan an ajiye suna gefe, abubuwa uku ne ke yanke hukuncin ko mota za ta daɗe a Zariya: yawan na'urorin da ke jikinta, tarihin da ta zo da shi, da kusancin kayan gyaranta.

A na farko a-kori-kura ta ɗan fi, musamman mai giyar hannu da injin fetur. Abin lalacewa a jikinta kaɗan ne, kuma kowane bakanike a Sabon Gari ko Tudun Wada ya san cikinta. Manyan jif na alfarma sun zo da ƙarin kaya. Wasu Prado da Lexus GX suna da jakar iska a baya maimakon sifirin, Lexus LX kuma tana da na'urar ruwa mai ɗaga mota da sauke ta. Suna da daɗi matuƙa idan suna aiki. Idan jakar ta fashe ko famfon ya mutu, sai a wayi gari mota ta zauna a kan tayoyinta, kuɗin gyaran kuma ba na wasa ba ne. Shi ya sa masu irin waɗannan motoci da yawa ke cire su su mayar da sifirin na ƙarfe. Amma ba adalci ba ne a yi wa duk jif kuɗin goro. Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara a 1984 kuma har yau ake ƙerawa, ta fi Hilux ta zamani sauƙin tsari, tsohon injinta na dizal mai lita 4.2 kusan ba shi da abin da kwamfuta ke sarrafawa.

Batun mai ya shafi ɓangarorin biyu. Injin dizal ya fi ƙarfin ja a ƙaramar giya kuma ya fi tsimin mai, shi ne ya fi dacewa da kaya. Sai dai na zamani yana fesa mai ta nozul masu ƙananan ƙofofi da matsi mai tsanani, ɗan ruwa ko datti a cikin man ya isa ya lalata su. Wanda ke sayen dizal a jarka a bakin hanya yana saka injinsa cikin haɗari. Waɗanda aka ƙera don Turai kuma suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa idan man na da yawan sulfa ko motar ba ta yin doguwar tafiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hilux da Prado masu fetur suka fi yawa a Najeriya, ga kuma tsadar dizal da aka daɗe da cire wa tallafi.

Tarihin mota ya fi komai nauyi, a nan kuma jif ce ta ɗan fi. A-kori-kura ta hannu a Najeriya galibi daga kamfanin gine-gine ko ma'aikata ko wani shirin raya karkara ta fito, direbobi da yawa sun juya ta, ta sha kaya ta sha rami. Jif kuwa sau da yawa rayuwarta a kan kwalta ta yi ta. Waɗanda ake shigowa da su daga waje ma suna da nasu. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka saye su a Amurka, aka gyara fuska. Waɗanda suka fito daga yankunan ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, tsatsa kan ci shasinsu daga ciki. A 2016 Toyota ta amince ta duba, ta kuma sauya inda ya kama, shasin motoci kimanin miliyan ɗaya da rabi a Amurka, Tacoma da Tundra da Sequoia, saboda tsatsa. Mai sayen irin waɗannan ya kamata ya sa a ɗaga motar, a ƙwanƙwasa shasin da guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa ɓawo yake zubarwa, kuma sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne.

Na uku shi ne kayan gyara. Abin da ba a samu a Zariya ba, ana nemo shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, idan ya gagara a aika Ladipo a Legas. Na Toyota, jif ko a-kori-kura, da wuya ya wuce Kaduna ko Kano. Sauran kamfanoni motocinsu ba su da laifi a ƙira, amma mota na iya yin mako biyu a gareji tana jiran ƙaramin abu. Pajero misali ce: mota ce mai juriya, amma Mitsubishi ta daina ƙera ta a 2021, kasuwarta kuma ta yi sanyi.

Farashi: na saye da na riƙo

Kusan duk motocin nan da dala ake sayo su. Kafin Yunin 2023 dillalai na samun dala a kasuwar bayan fage a wajen naira 750, a farkon 2024 ta haura 1,500. Motar dala 20,000 ke nan ta tashi daga naira miliyan 15 zuwa miliyan 30 tun ba ta hau jirgi ba. Kuɗin fito ya fi haka tsalle, domin kwastam na lissafi ne da farashin dala na hukuma, wanda a da bai kai naira 500 ba. Ko ba a taɓa kason haraji ba, abin da ake biya da naira ya ninka fiye da sau uku a farkon 2024.

A tsarin kwastam, jif tana rukunin motocin ɗaukar mutane, a-kori-kura tana rukunin na ɗaukar kaya, harajinsu kuma ba ɗaya ba ne. Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage fiton motocin kaya daga kashi 35 zuwa kashi 10 cikin ɗari, na motocin hawa irin su jif kuma ya fi haka. Tun 2022 ana ƙiyasta darajar mota ne ta lambar shasinta, abin da ya rage damar yin ciniki a tashar jirgin ruwa. Sannan a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, shi ya sa 'yar Kwatano mai araha kan zo da matsalar takardu, kuma jami'an kwastam na iya tsare ta a hanya ko bayan shekaru.

A sababbi, jerin a bayyane yake: Hilux ce ƙasa, Fortuner ta ɗara ta, Prado ta ɗara Fortuner, Land Cruiser babba kuma ta yi musu nisa. A na hannu lissafin kan juye. Tsohuwar Hilux tana riƙe kuɗinta fiye da yadda shekarunta suka nuna, saboda masu nemanta ba sa ƙarewa: 'yan kwangila, manoma, ma'aikatu, jami'an tsaro. Tsohuwar jif mai babban inji kuwa tana iya zuwa da farashi mai jan hankali, domin mai ita ya gaji da gidan mai. Araha ba ta ado. Daga Zariya zuwa Kaduna da dawowa kimanin kilomita 160 ne. Motar da ke shan lita 12 a kowace kilomita 100 za ta ci wajen lita 19, mai shan 17 kuma wajen 27. Ga mai wannan zirga-zirga sau biyu a mako, bambancin ya haura lita 800 a shekara.

Akwai wata dabara da ta yaɗu a kasuwar Prado da Land Cruiser da Hilux, ta canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba da gaban bodi ta koma kamar sabon yayi. Ba laifi ba ne idan mai sayarwa ya faɗa. Lambar shasi ce ke nuna ainihin shekarar mota, ita ya kamata a duba kafin a yi maganar kuɗi.

Waɗanda ba su kai ga Toyota sabuwa ba suna da wata ƙofa a motocin kamfanonin Chaina da na Innoson da ake haɗawa a Nnewi. Masu goyon bayansu na cewa sabuwa dal mai garanti ta fi tsohuwar da ba a san tarihinta ba. Masu shakka na kallon kayan gyara da abin da za a samu ranar sayarwa.

Iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa tun 2023, ta ƙara wani abu a ma'auni. Tukunyar gas babba ce mai nauyi. A bayan a-kori-kura tana samun wuri, ko da ta rage filin buhu biyu. A jif kuwa kujerun baya take cinyewa, wato dalilin da ya sa aka sayi motar.

Jin daɗi

A nan jif ta yi gaba, babu ja. A-kori-kura ba kaya tsalle take a kan gargada, bayanta na wutsil-wutsil a burji, shi ya sa wasu direbobi ke ajiye buhun yashi ɗaya ko biyu a baya don su danne sifirin. Kujerar bayan mai ƙofa huɗu a miƙe take saboda bangon da ke bayanta, dattijo ko mai juna biyu zai ji jiki kafin a kai Kano. Kayan da ke baya kuma suna hannun ruwan damina da ƙurar hunturu da mai dogon hannu a kasuwa, sai an sa tamfol ko murfi. Jif tana ɗaukar mutum bakwai, kodayake layi na uku na yara ne, sanyin esi na kaiwa ko'ina, kaya na kulle.

Tsawo ma abin dubawa ne ga mazauna cikin birni. Hilux mai ƙofa huɗu ta kai mita 5.3, Prado kuwa wajen 4.8. Rabin mitar nan ita ce bambancin juyawa sau ɗaya da ja da baya sau uku a lungunan cikin ganuwa, ko samun wurin tsayawa a kasuwar Sabon Gari.

Amma jin daɗin na juyewa da zarar kayan sun zama taki, jarkar maganin feshi, kwandon tumatir, injin ban ruwa ko rago. Warin maganin ciyawa ba ya barin kujerar yadi, shaƙarsa a rufaffiyar mota kuma illa ce ga lafiya. Bayan a-kori-kura kuwa bokitin ruwa biyu ya wanke shi.

Idan aka shiga laka

Ba kowace mota mai tudu ke ja da ƙafa huɗu ba. Akwai Hilux da 4Runner da yawa da tayoyin baya kaɗai ke turawa, mai saye ya leƙa ƙasa ya ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfi gaba. Hilux mai ja da huɗu sai direba ya saka giyar, wadda direbobi ke kira ogzilari, kuma ba a tafiya da ita a busasshiyar kwalta domin tana ɗaure giya ta cinye taya. Prado da Land Cruiser babba kullum da huɗu suke ja, abin da ke ba su natsuwa a jiƙaƙƙen titi. A taɓo, jif tana da nauyi a kan tayoyin baya kuma gajarta na taimakonta a kwazazzabo, ita kuwa a-kori-kura marar kaya bayanta kan yi ta juyawa a wuri ɗaya. Da kaya a baya sai ta kama ƙasa.

Taya ta fi sunan mota tasiri a nan. Prado mai tayar kwalta za ta kafe a fadamar Galma inda tsohuwar Hilux mai taya mai manyan haƙora za ta wuce. Ruwa kuma bai san jif ba bai san a-kori-kura ba. Idan rafi ya kawo har ya kai bakin bututun da inji ke shaƙar iska, ruwa ya shiga, sandunan fistin na lanƙwashewa nan take, gyaran kuma sauke inji ne.

Wa abin ya shafa, kuma ta yaya?

Ga wanda kaya ke cikin sana'arsa kowane mako, mai sayar da taki, ɗan kwangila, mai gona da ke kai amfani kasuwa da kansa, hujjar a-kori-kura ta fi ƙarfi, kuma tana iya mayar da wani abu ta hanyar haya. Ga mai babban iyali da ke yawan doguwar tafiya, wanda gonarsa ke buƙatar mota mai kaya sau ƙalilan a shekara, jif mai matsakaicin inji ta fi dacewa, ranar kwasar amfani ya ɗauki shata. Wanda kuma tafiyarsa ba ta wuce kwalta da burjin unguwa, duka biyun sun fi ƙarfin buƙatarsa, zai riƙa biyan kuɗin man shasin da ba ya amfani da shi.

Tasirin bai tsaya kan masu saye ba. Ƙaramin manomi a Kudan ko Makarfi da ba zai taɓa mallakar ko ɗaya ba yana biyan tsadar a kuɗin dakon kowane buhu, domin mai mota na lissafa mai da taya da sifirin a ciki. Tsadar sababbi ta sa tsofaffin motoci na daɗewa a hanya fiye da ƙa'ida, ana kuma ƙara musu lodi don a fitar da kuɗin mai a sawu ɗaya. A ranakun kasuwa har mutane ake ɗorawa a saman buhuna, abin da jami'an kiyaye haɗurra suka daɗe suna gargaɗi a kai, domin wanda ke bayan a-kori-kura ba shi da bel ba shi da rufi idan taya ta fashe. A ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa da damina kuwa, irin waɗannan motoci su ne ke fito da marar lafiya da mai naƙuda zuwa asibitin Shika, kuma duk lokacin da kuɗin riƙe su ya ƙaru, kuɗin shatar wannan tafiya ma yana ƙaruwa.